Numfashin Najeeba

Hayaƙin ɗanyen itace ya turnuƙe tsakar gidan, Najeeba tana durƙushe gaban murhu tana suyar ƙosai, ƙirjinta na fito kamar an shaƙe kaza. Marainiya ce mai shekara goma sha ɗaya, tana hannun ƙanwar mahaifinta, Goggo Fanta, a gidan da uban ya bari a Nasarawo.

"Goggo... numfashina..."

"Munafuka! Juya min ƙosai kafin in juya ki!"

Wayyo Allah! Tun tana shekara tara baƙin cikinta ya fara, ranar da ta ga jini a zaninta ta ruga wurin Goggo tana kuka, ta ɗauka ciwo ne. Goggo ta ɗaga zanin a ƙofar gida tana shela wai yarinya ba ta ganin al'ada a wannan shekarun sai ta san maza. Aka cire ta daga makaranta, iyaye suka hana 'ya'yansu wasa da ita, yara na binta da waƙa in ta je ɗiban ruwa. Da ciwon ƙirji ya biyo baya, Goggo ta ce alhaki ne ke cin ta, ko kwalbar magani ba ta taɓa saya mata ba. Najeeba sai dai ta share hawaye ta ce, "Ya Allah, Kai ne shaidata..."

Ran nan ta faɗi gefen kasko, leɓɓanta sun yi baƙi. Maƙwabciyarsu Maman Debby ce ta sungume ta zuwa asibiti a keke napep, ta kira Bappa Yuguda, wan mahaifinta, daga garejinsa a Bolari.

Da numfashinta ya daidaita, likita ta tambaya yaushe ta fara al'ada.

"Tun tana tara, likita," Goggo da ta biyo su ta cafe. "Lalatacciya ce."

Likitar ta ajiye biro. "Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah! Halitta ce, ba ruwanta da namiji. Yaran da suka fara da wuri ma an lura sun fi kamuwa da asma, ita ce ke damunta. Hayaƙin da kike tura ta ciki ya kusa kashe ta!"

Bappa Yuguda ya dafe kai, hawaye na bin gemunsa. "Shekara biyu ina jin maganarki, Fanta, ina ƙin kallon 'yar ƙanina..."

Gaban mai unguwa da matan layin aka sa Goggo ta janye ƙazafinta da bakinta. Bappa ya ba ta kwana uku ta bar gidan marainiya. Ta kwashe kayanta a keke, ko mutum ɗaya bai fito sallama ba.

Ranar Litinin Bappa ya riƙe hannun Najeeba har ƙofar aji, maganin shaƙa a aljihunta.

"Ki yafe min, 'yata."

"Na yafe, Bappa. Amma ka zo da wuri ka ɗauke ni."