Mutumin Da Take Zanawa

A maɗaba'a suka haɗu, ranar da ta kawo zanen littafin yara. Shi ke kan injin, ya karɓi takardun da yatsu baƙi ƙirin, ta harare shi. Tun daga nan take kiransa Tawada, shi kuma yana ce mata 'Yar Fensir.

A ɗakinta take aiki, kan tebur mai guntuwar ƙafa, duk marubucin da ya kira ta, sai ta zana masa. Littattafanta kuwa ta hannun Tawada suke bi, shafi bayan shafi. A na uku ya lura da abin da ya hana shi sukuni: jarumin kullum mutum ɗaya ne, dogo, mai tabo a girar hagu. Ko manomi ne ko direba, tabon na nan.

Ya tura mata saƙo: "'Yar Fensir, wane ne mai tabon nan?"

"Wanda na fara so," ta amsa.

"Yana nan har yanzu?"

"Kullum ina ganinsa. In zargi za ka yi, ka yi shi kai kaɗai."

Bawan Allah ya shiga leƙen girar duk namijin da ya shigo maɗaba'ar, har mai kawo takarda bai tsira ba. Ga shi yana son aurenta, amma mahaifinta ya ƙi ba shi izinin turo manya. Dama tsohon bai ɗauki zane sana'a ba, kuma yana zargin Tawada ne ke zuga ta.

Da abin ya ishe shi, ya kwashi littattafan ya je gaishe da tsohon. Ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, in akwai wanda kuka yi wa alkawarinta, a gaya mini in haƙura. Ga shi nan, shi take zanawa."

Tsohon ya cire tabarau ya goge. Sai a lokacin Tawada ya ga tabon, can cikin furfurar gira, inda ƙarfen tabarau ke rufewa. Kunya ta kama shi har wuya.

Baba ya daɗe yana buɗe shafuka. Ga shi da ƙuruciyarsa, yana saɓe da yarinya a kafaɗa.

Ya ƙwala wa 'yarsa kira: "Ke, zo nan. Yaushe kika yi wannan?"

"Shekara shida ke nan, Baba. Na ji tsoron nuna maka."

Ya dubi Tawada, idonsa ya ciko. "Kai ka ƙura wa aikinta ido har ka yi kishi. Ni da na haife ta, ko shafi ɗaya ban taɓa buɗewa ba. Turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za ta tafi, Baba ya riƙe hannunta na dama, ya daɗe bai saki ba.

"Allah ya yi wa hannun nan albarka," ya ce. "Ki yafe mini."