Ɗakin da Ba a Taɓa Kwana Ciki Ba

Yammacin wata Talata ne, irin yammacin da ba a tsammanin komai. Mai Walda ya dawo daga shago, bai ko cire rigar aiki ba ya wuce gindin katanga, inda ɗakinsa mai taya yake tsaye.

Shekara biyu yana ƙera shi. Ya sayo ƙarfen ƙasan wata tsohuwar a-kori-kura, ya sa masa tayoyi masu manyan haƙora don hawa dutse da yashi, ya tayar da bangon kwano, ya yanka taga biyu. A ciki akwai gado, da tankin ruwa, da wurin ajiye risho. Burinsa, idan manyan 'ya'yansa sun dawo hutun makaranta, ya ɗaure shi a bayan mota su tafi bakin wani tafki su kwana uku.

Matarsa takan tsokane shi: “Baban Auta, mutane na gina ɗaki su zauna, kai kana ginawa ka gudu.”

“Ke dai yi ta dariya. Ke za ki fara yin minshari a ciki.”

Amma ba wanda ya taɓa kwana a ciki. Tun da ya shimfiɗa katifa wata biyar baya, ya sa kwaɗo, ya ce kada a ɓata kafin ranar tafiya.

A wannan yammacin Auta, 'yarsu mai shekara goma sha uku, ta gama ɗinka labulen tagogin. Ana kiran magariba ta zari makulli.

“Bari a idar da salla,” in ji uwarta.

“Minti ɗaya, Mama.”

Ta buɗe ɗakin mai taya, ta shiga da gudu. Sai tsakar gidan ya yi tsit, har kajin da ke shirin hawa kwana suka tsaya. Can wani dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin, wani ya biyo shi. Auta ta fito a hankali, labulen na ja a ƙasa. Ta wuce mahaifinta kamar ba ta san shi ba.

Daga ranar ba ta sake kiran kowa da sunansa ba. Takan zauna a kusurwa, hannuwa a naɗe a ƙirji, tana jijjiga abin da ba a gani. Abinci sai an ɗura mata. A asibiti aka auna jini, aka duba kai, aka ce lafiyarta ƙalau. Da rana gidan shiru. Amma Mai Walda na ɗaga guduma sai duwatsu su zubo, ba a ganin hannun da ya jefo su. Rana na faɗuwa kuma, daga cikin ɗakin da ke kulle, sai a ji kukan jariri, siriri, kamar daga ƙasan rijiya.

Uwar ta karanta duk abin da ta sani, ta tofa, ta shafa. Kwana tara tana kallon wuyan 'yarta yana ramewa, ba abin da hannunta zai iya.

Rana ta goma, bayan la'asar, Mai Walda ya zo da wani dattijon malami. Malam ya sa aka zaunar da yarinyar a tabarma, uwarta na riƙe da kafaɗunta, ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Inuwar katanga ta rarrafo har ta rufe su. Sai jikin Auta ya sandare, bakinta ya buɗe, muryar wata babbar mace ta fito, a gajiye.

“Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ina shayarwa.”

“Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?”

“Shigo min ɗaki ta yi ba sallama, ta taka min hannun ɗa.”

“Ɗakinki?” Mai Walda ya yi zumbur. “Ni na ƙera shi da hannuna!”

Idanun Auta suka juyo kansa. “Ka sa ƙofa, ka sa gado, ka kulle. Wata biyar ba a yi sallama a bakinsa ba, ba a kai goshi ƙasa a cikinsa ba. Na zo wucewa da tsohon ciki, na ga ɗaki ba mai shi. A nan na haihu. Kullum kuma kana buga mana guduma a ka.”

“Zalunci haramun ne a kanku kamar yadda yake a kanmu,” in ji Malam. “Yarinyar ba ta gan ku ba. Ki sake ta, ki bar gidan nan.”

“In tafi ina da jariri mai karyayyen hannu?”

Malam ya koma karatu. Yarinyar ta yi ta murɗewa, jini ya fara ɗiga daga hancinta. Muryar na kuka amma ba ta fita ba. Sai ta daina kallon mazan, ta ce da uwar, ƙasa-ƙasa: “Ke ma kin haihu. Gaya musu.”

Hawayen uwar suka zubo kan ɗankwalin 'yarta. “Malam, tsaya. Jikin Auta ne ke shan wuyar.”

Malam ya tsayar da karatun. Ya ce da mai muryar, “Faɗi abin da kike so.”

“Ɗakin ai don tafiya aka yi shi. A ja mu zuwa inda ba guduma, ba mutane. A kwance shi, a tafi, kada a dawo ɗaukarsa. Ƙugiyar jan ɗakin na rabuwa da motar zan saki yarinyar.”

Malam ya sa ta rantse har sau uku. Sannan ya dubi Mai Walda. “Zan iya ci gaba, amma ban san wanda zai riga gajiya ba, ita ko yarinyar.”

Mai Walda ya dubi ɗakin. Fentin da ya shafa masa ko ƙura bai sha ba.

“Baban Auta,” in ji matarsa, “ƙarfe ne.”

Washegari da safe suka kama hanya. Auta na kwance a cinyar uwarta, Malam na gaba da carbi. Suka bar kwalta, suka bi yashi, suka hau duwatsu. Ɗakin na biye da su lafiya lau, ko ƙusa ɗaya ba ta yi ƙara ba. Mai Walda ya kalli madubi sau ɗaya, bai sake ba.

A bakin tafkin, ƙarƙashin wata bishiya, ya tsaya. Ya sa duwatsu a gaban tayoyin, ya rataye labulen a ƙofar, ya yi bismilla ya zare ƙugiyar.

Auta ta yi atishawa sau uku. Ta ɗago kai, ta ga ruwa yana sheƙi, ta ga ɗakin a inuwa.

“Baba! Mun iso? Yau a ciki za mu kwana?”

Mai Walda ya kau da kai daga ɗakin. Uwar ta jawo kan 'yarta ta kwantar a ƙirjinta.

“Akwai baƙi a ciki,” ta ce. “Tayar da mota, Baban Auta.”