Kwamfutar da Ta Ƙi Goguwa

Har bayan isha'i Injiniya yana fama da babbar kwamfutar ofis, wadda aka kakkafa ƙananan kwamfutoci marasa jiki, na manhaja zalla, a cikinta. Sai jan ƙafa take yi, domin wata guda daga cikinsu, wadda ba a san mai ita ba, ta cinye ƙarfinta. Ya goge ta, ta dawo. Ya sake gogewa, ta sake dawowa.

Ya ja tsaki. "Wannan wace irin masifa ce!"

"Ɗana, ƙyale ta," in ji wata tsohuwa daga bayan injinan. "Jikokina na barci a ciki."

"Iya, wa ya buɗe miki? Ƙofar nan ba ta buɗuwa sai da yatsana."

"Ai kai ka same mu a nan."

Leɓɓanta ba su motsa ba. Daga fankar kwamfutar muryar ta fito.