Takwara da Katin Kaka

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu, wadda ta fi kowa iya karatu a ajinsu. Kakarta tana kiranta Takwara, domin sunansu ɗaya. Idon Kaka ya yi rauni, don haka Takwara ce mai karanta mata takardu.

Wata rana Kaka ta ciro katin shaidarta daga jaka.

"Takwara, jibi za a duba mini ido a asibiti. Katin nan yana da sauran kwana kuwa?"

Takwara ta duba. Lambobi ne a jere. Ba ta gane wanne ne rana, wanne ne wata ba. Amma ta ji kunyar cewa ba ta sani ba.

"Da sauransa, Kaka," in ji ta.

Ranar asibiti suka yi sammako, suka daɗe a layi. Da aka zo kansu, ma'aikaciyar ta juya katin, ta girgiza kai.

"Sannu, Mama. Katin nan ya daina aiki tun watan jiya. Sai kin sabunta shi. Ki dawo bayan mako uku."

Kaka ta karɓi katinta, suka kama hanyar gida. A hanya Takwara ta fashe da kuka.

"Kaka, laifina ne. Ban gane lambobin ba, na ji kunyar faɗa."

Kaka ta share mata hawaye da gefen mayafi. "Ni da furfurata kullum ina tambayarki. Kin ga na ragu da wani abu?"

Washegari bayan an tashi daga makaranta, suka tafi ofishin katin shaida. Aka ba su fom mai shafi biyu. Takwara ta karanta a hankali. Da ta zo inda ba ta gane ba, ta je gaban tebur.

"Don Allah, Malam, a nan rana ake fara rubutawa ko wata?"

Ma'aikacin ya nuna mata. Sau uku tana komawa, sau uku yana amsa mata. Da ta gama, ya duba fom ɗin daga sama har ƙasa.

"Tun safe ban ga wanda aka cike ba gyara ba sai wannan. Mama, jikarki ce?"

Kaka ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ɗaga murya yadda duk 'yan layi za su ji. "Jikata ce, kuma takwarata!"

Aka ɗauki hoton Kaka tana murmushi. Bayan mako biyu sabon kati ya fito. Likita ya duba idonta, ya ba ta tabarau.

Da ta saka, ta ƙura wa Takwara ido. "Ashe haka kike da kyau!"

Takwara ta yi dariya. Daga ranar ta gane cewa faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Matambayi ba ya ɓata.