Kason Jirgi

Ranar da Arzika ya fara ganin Sadatu, tana durƙushe a gindin dalbejiyar wata firamare a Argungu, yara sun yi mata zobe, tana koya masu rabawa da marafan kwalba. Shi kuwa saukarsa ke nan daga motar Birnin Kebbi, riƙe da takardar aiki daga Sakkwato, da kalkuleta ɗaya tal a aljihun gaba. A zatonsa na'urar nan ce za ta gyara lissafin yaran garin kaf. Kai, ƙuruciya!

"Malama, kina wahal da kanki," in ji shi. "Ga na'ura, kina dannawa ta ba ki amsa."

Ta ɗago ta share zufa. "Guda ta, Malam, su kau sittin da huɗu na. Wa za shi danna, wa za shi kallo?"

Nan take zuciyarsa ta tafi. Kafin zango ya ƙare tana kiransa Mai Na'ura, shi yana ce mata Sanyin Raina. Aikin dai ba sauƙi: aji cunkus, ba kujeru, yara na kokawar taɓa kalkuleta har lamba bakwai ta goge. Kullum da ciwon kai yake tashi, murmushinta kaɗai ke riƙe da shi.

Saura Baba Maigandi, mahaifinta, tsohon masunci marar yawan magana. Arzika ya je gaishe shi a zaure.

"An ce kai ka koya ma ɗiyanmu lissahi," in ji tsohon. "Mutum biyar sun hita su, sun kamo kihi talatin da shida. Nawa nawa?"

Arzika ya zaro kalkuleta ya danna. "Bakwai da ɗigo biyu, Baba."

"Ɗigon kihi? Wa ka cin shi?" Tsohon ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Ba ni ba da ɗiyata ga wanda ya aje kainai cikin aljihu."

Haka aka yi hutu, Arzika ya koma Birnin Kebbi kamar wanda aka yi wa duka. Abinci ma ya daina shiga. Sai ga wasiƙa ta hannun direban mota:

"Mai Na'ura, na gaji. Na gaji da kuka, na gaji da Ummaru akawu da ke faka babur a ƙofarmu kullum. Baba ya ce bayan damina zai ba shi amsa. Ni kai nake so. Kada ka yi fushi da Baba, ka tambayi 'yan ajinka. Taka, Sadatu."

Ranar da aka koma, ya rubuta tambayar Baba Maigandi a allo. Wallahi bai ajiye alli ba ajin ya ɗauka: "Shida shida!"

"Ta yaya?"

"Malam, jirgi ma yana da kaso nai!"

Ashe a bakin gulbi jirgin ma ana ware masa kashi kamar mutum, na mai shi ne. Yaran da yake ganin ba su iya komai ba sun san wannan tun suna goye. Kunya ta kama shi, ya koma bakin taga ya zauna.

Daga ranar ya sauya hanya. Sai yara sun faɗi su wa za a raba wa, sun yi kashi-kashi da tsakuwa, sannan ɗaya ya danna kalkuleta a gani ko ta yarda da su. In an tashi kuma, ya ja ƙafa zuwa gulbi ya tsuguna yana kallon rabo. Sati bakwai yana wannan sintiri, takalminsa ya cinye, Baba Maigandi ko kallonsa bai yi ba. Damina kuwa tana ta ƙarewa.

Wata Alhamis jirgin tsohon ya dawo da mutum huɗu maimakon biyar. Aka zube kifi a kan ciyawa.

"Malam, taho ka raba," in ji tsohon.

Arzika ya durƙusa. Ya yi kashi huɗu, ya yi na jirgi, sannan ya yi na shida.

"Wanga hwa na wa?"

"Na Hodi na, Baba. Kwana ukku ban gane shi cikin jirgi ba, an ce masassara ta kwantar da shi. Yana da iyali."

Tsohon ya daɗe yana duban kashin nan. Sannan ya juya wajen gulbi, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ka turo manyanka Jumma'a."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Baba Maigandi ya dafa kanta, ya dubi Arzika.

"Ga ta nan. Na san ba ta kwana da yunwa hannun wanda ka tuna wanda bai zo ba. Allah shi yi maku albarka."

Sadatu ta fashe da kuka, Arzika ya ce amin har sau uku.