Fuskar da Akoli Bai Zana Ba

"Wace ce wannan, Akoli?!"

Na nuna hoton da ke jingine jikin kamiyonsa, babbar motar da yake tuƙawa. Zanen fentin mai ne na wata Banasariya, idanunta sun ciko kamar za su zubo. Ga wasu huɗu a gefe, duk ita ce, su kam da hannunsa ya zana su.

"Dassin, sanyin idona... tsaya ki ji."

"Ba abin da zan ji!"

Shekarar da Faransawa suka kafa tantuna kusa da Dannet suna tonon duwatsu ce. Ni ina kai musu albasa daga garkar babana, Akoli, saurayina, yana tuƙa su. Attaher, ɗan kawuna da na sha ƙin aurensa, shi ya tsegunta mini wai Akoli ya haukace a kan wata Banasariya.

"Koyo nake yi," in ji Akoli. "Tsohon nan mai awon ƙasa ya ara mini hoton, matarsa ce da ta rasu. Ya ce in na iya idanun nan, ba fuskar da za ta gagare ni. Taki nake so in zana..."

"Ƙarya! Wata uku kana kallonta, ni ko gaisuwa sai na roƙa!"

Na dumbuzi rairayi na watsa wa zanensa da fentin bai bushe ba.

Durƙusawa ya yi yana tsince ƙasar da yatsa.

Attaher bai tsaya nan ba. Ya gaya wa Baba mai zana mutane ba ya tsoron Allah. Baba ya kira ni.

"Har yanzu kina son shi, ɗiyata?"

"A'a, Baba."

Fushi ne ya amsa, ba ni ba.

Sai da na kai albasa na ga tsohon yana shafa hoton matarsa yana kuka, sannan na gane gaskiya Akoli ya faɗa. Amma kunya ta hana ni neman Akoli.

Ranar da zai kai Faransawan Tamanrasset ya zo bakin garka.

"Dassin! Ko sallama ce ki fito mu yi!"

Na laɓe bayan dabino, ina cewa in ya dawo zan ba shi haƙuri.

Kamiyon ya lalace a tsakiyar sahara. Bayan kwana tara masu raƙuma suka tsinci gawarwakinsu, har da ta Akoli.

Ban auri Attaher ba. Da uwar Akoli ta tambaye ni ko mun yi sallama, sai na ce mata ba na nan ya zo.

Ina nan. Sau uku ya kira sunana.