Surukin da Ke Dafa Shara

A gindin tankin da ke mayar da sharar kasuwa gas ta fara ganinsa, yana mata faɗa don ta shigo ɗibar samfur ba takalmin aiki. Ta rama, ya yi dariya. Daga ranar ta zama Injiniyata, shi kuma Mai Tanki.

Baba ne matsalar. Shekara talatin ya yi a matatar mai, kuma a wurinsa duk injiniyan sinadaran da bai taɓa tace ɗanyen mai ba ɗan kallo ne.

"Digiri guda a kan juji?" ya ce da ta kawo maganar. "Ba zan ba mai kwasar bola 'yata ba."

Ranta ya ɓaci matuƙa. Mai Tanki da Baba irin karatu ɗaya suka yi, lissafi ɗaya. Abin da ya fi ƙona mata rai, Baban nan ne ya koya mata tun tana ƙarama cewa aikinsu shi ne fitar da amfani daga abin da kowa ya raina.

Saƙo ya shigo: "Injiniyata, kar ki yi fushi da Baba. Zan jira."

Ta amsa: "Kai ka jira, ni na gaji. Famfon tankinka ɗin nan mai kuka, kar ka gyara shi sai na zo."

Washegari ta roƙi Baba ya rage mata hanya zuwa wurin tankin. Ya tsaya a bakin ƙofa yana toshe hanci, sai kukan famfon ya iso kunnensa. Ta san ba zai iya wucewa ba. Ya ɗauko tsohuwar sukundirebarsa daga mota, ya ɗora bakinta a jikin ƙarfen, ya kara kunne a ƙotar.

"Wane sakarai ne ya bar iska tana shiga nan?"

"Ni ne, Baba," in ji Mai Tanki.

Awa uku suna gardama kan zafi da bututu. Baba ya manta da wari, ya tsaya yana kallon shuɗiyar wutar da shara ta haifar.

"Baba, juji ne fa," ta ce, da sauran haushinta.

"Ke, yi mana shiru, aiki muke."

Ranar ɗaurin aure Baba ya damƙa wa ango sukundirebar nan.

"Ka riƙa kara kunne tun abu bai lalace ba," ya ce. "Ita ma haka za ka yi mata. Allah ya yi muku albarka."